Babi Na Huɗu: Yadda Kasuwa Ta Yanka Wa Soyayya Farashi

A watan Fabrairun 1958, wani ƙaramin kamfanin kayan zaƙi mai suna Mary Chocolate ya kama ɗan wuri a cikin katafaren kantin Isetan da ke unguwar Shinjuku a birnin Tokyo, ya kafa allo yana tallar cakulan na ranar masoya. Kwana uku aka yi ana jiran masu saye. Da aka tashi lissafi, cakulan uku aka sayar da kati guda, kuɗin duka yen 170. Ba abin mamaki ba ne. Kiristocin Japan ba su wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, kuma galibin masu wucewa ta gaban allon nan ba su taɓa jin sunan waliyyin da ake danganta ranar da shi ba. Amma shekara ashirin ba ta cika ba sai da 14 ga Fabrairu ta zama ɗaya daga cikin manyan ranakun cinikin cakulan a ƙasar, daga baya har ta kai mace mai aikin ofis ba ta iya shiga wurin aiki ran nan hannu rabbana.

Yadda aka tashi daga yen 170 aka kai can shi ne zancen wannan babi. Zan faɗi matsayina tun daga farko. Ɗan kasuwa bai ƙirƙiro soyayya ba, bai kuma ƙirƙiro kyauta ba. Ya tarar da su ne. Abin da ya yi shi ne ya sa musu rana, ya sa musu farashi, sannan ya bar kunya ta riƙa karɓar masa kuɗi.

Asalin ranar kansa a dagule yake. A ƙarni na uku an kashe Kirista fiye da ɗaya mai suna Valentine a daular Rum, kuma labaran da ake bayarwa cewa ɗayansu yana ɗaura wa sojoji aure a ɓoye an tsara su ne bayan ɗaruruwan shekaru. Ƙarancin tabbataccen tarihinsa ya sa cocin Katolika ta cire bikinsa daga babbar kalandarta a 1969. Wanda aka fi jinginawa haɗa ranar da soyayya shi ne mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer, wanda a wajajen 1380 ya rubuta waƙar da ke nuna cewa a ranar ce tsuntsaye ke zaɓen abokan zama. Daga nan manyan fadar Ingila da Faransa suka ɗauka.

Akwai wata wasiƙa da ta cancanci a tsaya a kanta. A watan Fabrairun 1477 wata budurwa a yankin Norfolk na Ingila, Margery Brews, ta aika wa saurayinta John Paston takarda tana kiransa masoyinta na wannan rana. Ita ce wasiƙar ranar masoya mafi tsufa da ta rage a harshen Ingilishi, tana ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya. Me ke cikinta? Damuwa kan kuɗi. A al'adarsu uban amarya ke ba ango dukiya, kuma mahaifinta ya ƙi ƙara ko kwabo a kan abin da ya yanka, duk da magiyar da mahaifiyarta ta yi masa. Sai yarinyar ta roƙi saurayin kada ya guje ta saboda haka, ta kuma shaida masa cewa ko da rabin abin da ya mallaka ne yake da shi, ita ba za ta rabu da shi ba. Sun yi aure daga baya. Na kawo labarin ne domin kada mu ruɗi kanmu cewa an taɓa yin wani zamani da soyayya ba ta san kuɗi ba. Ta san shi tun fil azal. Bambancin shi ne, a wasiƙar Margery kuɗin ne abin da ya tsaya tsakaninta da wanda take so, takardar kuma ita ce ke ƙoƙarin tsallake shi. A zamaninmu kuɗin ne ake miƙawa a matsayin saƙon.

Wannan sauyi da gidan waya ya fara. A 1840 Ingila ta fito da kan sarki na kwabo ɗaya, wanda mai aikawa ke biya, maimakon tsohon tsari mai tsada da mai karɓa ke biya. Nan take talaka ya samu damar aika takarda ko'ina a ƙasar, ba tare da ma ya sa sunansa ba. Masu ɗab'i suka ga ƙofa ta buɗe, suka shiga buga katuna masu ado da baitocin da wani ya riga ya tsara, domin wanda bai iya magana ba ya saya ya sa hannu kawai. A Amurka, wata matashiya mai suna Esther Howland a garin Worcester na jihar Massachusetts, 'yar mai kantin kayan rubutu, ta ga irin katin nan daga Ingila a ƙarshen shekarun 1840, ta ce ita ma za ta iya. Ta haɗa 'yan samfura ta ba ɗan'uwanta ya tafi da su yawon talla, tana fatan samun odar dala 200. Ya dawo da ta dala 5,000. Ta tara mata a gidansu, ta jera su a dogon teburi, wannan ta yanka, wannan ta liƙa, wannan ta sa ado, har cinikin ya kai kimanin dala 100,000 a shekara. A Ingila kuma, cikin shekarun 1860, Richard Cadbury ya fara zuba cakulan a akwatuna masu zane waɗanda mace za ta adana bayan ta cinye abin da ke ciki, kuma shi ake jinginawa akwatin nan mai siffar zuciya. Kamfanin da daga baya ya zama Hallmark ya fara sayar da katin masoya a 1913. A yau shi da kansa yana ƙiyasta cewa ana musayar kati kusan miliyan 145 a Amurka duk shekara saboda wannan rana.

Wani zai ce ai waɗannan duk sun tarar da al'ada ne suka yi mata hidima. To, a dubi Birazil. A can ba a yin ranar masoya a Fabrairu, domin lokacin ya yi kusa da babban bikinsu na kanibal. Ranar 12 ga Yuni suke yi. Wanda ya zaɓi ranar wani mai sana'ar talla ne, João Doria, a ƙarshen shekarun 1940, bayan wani kanti a birnin São Paulo ya ɗauke shi aiki domin ciniki na mutuwa a watan Yuni. Ya duba kalanda, ya ga 13 ga wata ranar waliyyi Antoniyo ce, wanda 'yan mata ke roƙo a kan miji, sai ya ɗauki jajiberinta. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ke bikin soyayya a yau a ranar da aka tsaga domin cike giɓin cinikin kanti guda.

Mu koma Japan, domin a can ne ake ganin ƙashin bayan abin a fili. Bayan faɗuwar 1958, kamfanin nan bai haƙura ba. Da shekara ta zagayo ya fito da cakulan mai siffar zuciya da ake rubuta suna a kai, ya kuma sauya kiran: mace ce za ta ba namiji. Dabarar ta dace da wurin. A Japan ta lokacin, budurwa ba ta furta wa saurayi cewa tana sonsa. Sai ga rana guda da aka halatta mata ta faɗa ba tare da ta buɗe baki ba. Manyan kamfanoni irin su Morinaga suka bi sahu da tallace-tallace a jaridu, 'yan matan sakandare suka rungumi abin a shekarun 1970. Har nan, babu wanda zai ce an cuci kowa. An ba mai kunya harshe ne.

Amma kasuwar masoya ƙarama ce, tunda mace ɗaya saurayi ɗaya gare ta. Sai abin ya tsallaka ofisoshi. A shekarun 1980 ya zama cewa ma'aikaciya za ta saya wa shugabanta da duk mazan sashenta cakulan, wanda su da bakinsu suke kira cakulan dole, domin bambanta shi da na wanda zuciya ke so. Mace mai ƙaramin albashi za ta zauna da takarda tana lissafin maza goma ko ashirin, tana auna wa ya fi wa muƙami, kada ta ba ƙarami abin da ya fi na babba. Su ma mazan ba a ƙyale su ba. A ƙarshen shekarun 1970 masu sana'ar kayan zaƙi suka tsaga 14 ga Maris, suka kira ta Farar Rana, ranar da namiji zai rama abin da aka yi masa. Har aka samu ƙa'idar da ake faɗa a baki cewa ramuwar ta ninka kyautar sau uku. Koriya ta Kudu ta ɗauki duka biyun, ta ƙara ta uku: ran 14 ga Afrilu waɗanda ba su samu komai ba kan taru su ci taliya mai baƙar miya.

Masanin zamantakewa ɗan Faransa Marcel Mauss ya bayyana tun 1925 cewa a kowace al'umma kyauta na tafe da nauyi uku: a bayar, a karɓa, a rama. Bahaushiya ba ta buƙatar a karanta mata wannan. Ta san biki: abin da ƙawa ta kawo miki ranar sunan ɗanki yana nan a rubuce, ko a takarda ko a ka, kuma ranar nata za ki mayar har da ƙari. Nauyin nan ba sharri ba ne, shi ke ɗaure zumunci. Sai dai a biki, kuɗin yana zagayawa ne tsakanin ƙawaye, yau gare ki gobe gare ta, kuma yana zuwa ne ranar da ake da buƙatarsa. A tsarin Fabrairu da Maris, mace ta biya, namiji ya biya ninki uku, kuɗin duka biyun ya tafi aljihun na uku, su kuma abin da ya rage musu kwalin banza ne.

Daga baya matan Japan sun fara gajiya. Wasu kamfanoni suka hana rabon cakulan dole a ofisoshinsu, suna kallonsa a matsayin matsin lamba ga ma'aikata. A watan Fabrairun 2018 kamfanin Godiva ya sayi shafi guda cur a babbar jaridar kasuwanci ta ƙasar yana kira da a daina al'adar. Jama'a da yawa sun yaba, wasu kuma suka lura cewa cakulan Godiva mai tsada ne, ba shi ake saya don rabon ofis ba, don haka kiran bai taɓa cinikinsa ba. A yanzu abin da kantuna ke tallatawa shi ne mace ta saya wa ƙawayenta, ko ta saya wa kanta mafi tsada. Ranar ba ta mutu ba, mai karɓa kawai aka sauya.

Me ya sa dabarar ke ci a ko'ina? Domin ranar da kowa ya sani tana mayar da rashin kyauta ya zama magana. Ran 13 ga Fabrairu, mijin da bai kawo komai ba bai ce komai ba. Ran 14, shirunsa ya zama jawabi, kuma matar za ta ji jawabin ko da ba ta so, tunda ƙawarta ta ɗora hoton nata a Instagram. Mai saye a wannan rana ba daɗin cakulan yake nema ba. Yana fansar kansa ne daga zargin cewa bai damu ba. Wanda ke sayen kariya daga kunya kuwa ba ya taya kaya. Masu lu'ulu'u sun gane haka tuntuni. Daga 1938 kamfanin De Beers ya ɗauki kamfanin talla na N. W. Ayer domin ya cusa wa Amurkawa cewa baiko ba ya cika sai da zoben lu'ulu'u, daga baya tallarsa ta yanka wa saurayi mizani: albashin wata biyu. A Japan aka ce wata uku. Da zarar an ce soyayya tana da adadi, duk wanda ya kawo ƙasa da adadin ya shiga uku da bayani. Ƙungiyar masu kantuna ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2025 mutanen ƙasar za su kashe dala biliyan 27.5 a kan ranar, kuma kaso mafi tsoka na kayan ƙawa ne irin su zobe da sarƙa.

Akwai wasu mutane kuma da ba a ganinsu a hoton. Furen wardi ba ya fitowa a Landan ko New York a tsakiyar hunturu. Na Amurka yawanci daga Kolombiya da Ekwado yake zuwa, ta filin jirgin saman Miami, kuma cinikin ya bunƙasa ne bayan 1991, lokacin da Amurka ta ɗauke wa furannin ƙasashen yankin haraji domin manoma su bar shuka ganyen da ake hodar ibilis da shi. Na Turai kuwa, kaso mai yawa daga Kenya yake fitowa, musamman gonakin da ke kewaye da tafkin Naivasha, arewa maso yamma da Nairobi. Tun watanni biyu ko fiye kafin ranar ake datse itatuwan domin su yi fure a lokaci guda. Mako biyun ƙarshe ma'aikata, waɗanda akasarinsu mata ne, kan yi aiki daga asuba har dare: a yanko, a jera, a sa a ɗakin sanyi, a ɗora a mota zuwa filin jirgin Nairobi, a sauke a Holan inda ake gwanjonsa a kasuwar Aalsmeer. Cikin kwana biyu ko uku fure ya bar gona ya isa kanti. Wannan rububi na gona da jirgi da firiji shi ke sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a Fabrairu.

Dole a yi adalci a nan. Sana'ar fure na ɗaukar sama da mutum 100,000 aiki a Kenya, tana kuma cikin manyan hanyoyin da ƙasar ke samun kuɗin waje. Da annobar korona ta rufe Turai a watan Maris na 2020, an riƙa zubar da furanni tuli-tuli a gonaki, aka sallami dubban ma'aikata. Matan nan ba su yi murna da mutuwar ciniki ba. Don haka wanda ya ce a daina sayen fure don tausayinsu bai taimake su ba. Tambayar da ta dace ita ce nawa ke isa hannunsu daga kuɗin da aka biya a kanti, da wace kariya suke da ita daga magungunan feshi, da nawa ake zuƙa daga ruwan tafkin da masunta da makiyaya su ma suke dogaro da shi. A ƙarshen Janairun 2008, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya afka wa garin Naivasha aka kashe mutane aka kori dubbai daga gidajensu, motocin fure sun ci gaba da tafiya filin jirgi da rakiyar jami'an tsaro domin kada a rasa cinikin Fabrairu.

Labarin cakulan ya fi kusa da mu. Kwaddibuwa da Gana ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma abin da ke komawa ga manomi daga farashin cakulan a kantin Turai bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Wani bincike da cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 1.56 ke aikin da bai dace da shekarunsu ba a gonakin koko na ƙasashen biyu, da adda a hannu da buhu a ka. Manoma da yawa sun tsufa suna shanya koko ba su taɓa ɗanɗana irin cakulan da ake naɗewa da jan ƙyalle ba. Gwamnatin Gana ta yi wani yunƙuri da na ga ya dace: tun tsakiyar shekarun 2000 ta mayar da 14 ga Fabrairu Ranar Cakulan ta Ƙasa, domin mutanenta su riƙa sayen wanda aka sarrafa a gida. Idan har za a kashe kuɗin, gara ya kwana a ƙasar da ta yi noman.

Wasu ƙasashe hanawa suka zaɓa. Shekaru da dama jami'an hisbar Saudiyya suna hana sayar da jan wardi a makon ranar, abin da ya jawo ana sayar da shi a ɓoye da ninkin kuɗinsa, har aka sassauta a shekarun baya-bayan nan. A Pakistan babbar kotun Islamabad ta haramta bikin a wuraren taruwar jama'a a 2017. A arewacin Najeriya ma malamai na yin huɗuba a kai, hukumomin Hisba na gargaɗi, kuma hujjarsu sananniya ce: biki ne da ba na Musulunci ba, wanda kan buɗe ƙofar alfasha. Wannan magana ce ta addini, masu ilminta sun yi ta, ba ita ce tawa a nan ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne kasuwar ba ta jiran izinin kowa. Ta waya take shigowa. Masu haɗa kwandon kyauta suna talla a WhatsApp da Instagram, ana kai wa har ƙofar gida, ga turare ga agogo ga kek, wani lokaci da sababbin takardun naira da aka nannaɗe kamar fure, abin da Babban Bankin Najeriya ya lissafa cikin wulaƙanta kuɗin ƙasa.

Kuma ko da an shafe 14 ga Fabrairu daga kalanda gobe, cutar da na bayyana tana nan a gidajenmu da tufafin gida. Addininmu ya kwaɗaitar da yin kyauta domin ƙara ƙauna, ya kuma kwaɗaitar da sauƙaƙa aure. Toshi da kayan zance sun samo asali ne daga wannan kyakkyawar niyya. Lefe ma haka: sutura ce miji ke yi wa matar da zai kawo gidansa. Amma yau ana ƙirga akwatuna a gaban jama'a, ana ɗaga atamfa a duba bakinta a san kuɗinta, ana ɗaukar bidiyo a watsa, dangin amarya na auna darajar 'yarsu da abin da aka kai gidan maƙwabta. Saurayi ya ci bashi, ko ya yi aron kaya don a gani, alhali an san kayan aro ba ya rufe katara. Wani kuma ya ɗage auren shekara bayan shekara, yarinyar na zaune. Hanyar ɗaya ce da ta Tokyo: an sa adadi, an sa 'yan kallo, an bar kunya ta yi sauran aikin. Wanda ke cin riba shi ma ɗaya ne.

Ina ganin kyautar da ta amsa sunanta ita ce wadda ke nuna mai bayarwa ya san wanda yake ba: ya lura da takalmin da ya tsinke, da littafin da aka ambata sau ɗaya, da kuɗin makarantar da ke hana barci. Irin wannan sani ba a sayar da shi a kwali, shi ya sa ba za ka taɓa ganin tallarsa ba. Roƙona ga malamai da iyaye, musamman iyaye mata da gwaggonni waɗanda su ke buɗe akwatuna, shi ne kaifin idon da suke sa wa ranar masoya duk Fabrairu su sa rabinsa a kan lefen 'ya'yansu. Su yanka abin da saurayi mai matsakaicin samu zai iya ba tare da bashi ba, su karɓa a cikin ɗaki, su hana a ɗauki hoto.